Ranar da Baba Ya Nutsar da Jirginsa

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Sumana, wanda mutanen bakin kogi a Gaya suka fi sani da Sumana Takoradi. Ni ce 'yarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana da bakinsa ba, sai dai ya ce "Uwata". Yau ni ma na tsufa. Na ajiye alli bayan na gama nawa zamanin a lakwal, wato makarantar boko, gwiwata kuma ta fara irin ciwon da tasa ta yi. Kowace shekara idan damina ta yi nisa, kogin Isa ya yi ja ya cika, nakan ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai in kasa. Abin da ya sa na iya a bana wata kalma ce ta Ingilishi da na ji a bakin jikana.

Jikan nawa yana karatu a Najeriya, ya zo mana hutu. Muna zaune a tsakar gida da la'asar yana karanta wani labari a wayarsa, na wasu 'yan siyasa da suka taru suka wargaza wata yarjejeniya tun kafin a sa mata hannu. Sai na ji ya furta kalmar. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, ya nuna mini yadda ake rubuta ta: scuttle. Ya ce ai ma'anarta a ɓata shiri da gangan. Na zuba wa wayar ido, har ya ce, "Kaka, lafiya?" Na ce lafiya lau. Rabona da jin kalmar nan tun Baba yana da rai. Shi "sikotul" yake ce mata, kuma a gidanmu ba ta da haɗi da siyasa ko kaɗan.

Baba ya bar Gaya yana saurayi, ya bi masu zuwa Kurmi, can bakin teku, neman aiki, kamar yadda samarin Dandi da Zabarma suke yi a lokacin. Ya yi dako a kasuwa, ya yi wanke-wanke a gidan wani Bature a Takoradi, daga nan aka ɗauke shi mataimakin kuku a wani tsohon jirgin ɗaukar kaya mai zuwa ƙasashen sanyi. Murhun jirgin da kwal yake aiki. A gefen murhun akwai wani bokitin ƙarfe mai karkataccen baki da murfi, wanda ake zuba kwal a ciki, kuma cika shi aikin Baba ne. Sunan bokitin nan shi ne kalmar farko da ya riƙe a jirgin, don da ita kuku yake tashinsa kullum: sikotul babu kwal! Ya ce da suka sauka a wata tasha a Ingila, ya kama ɗaki a gidan wata tsohuwa mai ba matuƙan jirgi haya, sai ga irin bokitin a ɗakin zamanta, na tagulla, an goge shi yana ƙyalli a gefen wuta. Ya ce ji ya yi kamar ya gamu da ɗan garinsu a baƙon wuri, har ya so ya gaishe shi.

Labarin da muka fi so, wanda muka sa shi ya yi ta maimaita mana muna yara, shi ne na ranar da teku ta tashi. Jirgi yana tangaɗi, tukwane suna zamewa, sai wani babban ma'aikaci ya leƙo ɗakin girki yana ihu a rufe sikotul. Baba ya yi tsalle ya kifa wa bokitin kwal murfinsa, ya hau kai ya zauna, ya riƙe da hannu biyu. Mutumin ya ƙara ihu, Baba ya ƙara dannewa. Ashe 'yar tagar nan da ke jikin jirgi, wadda ake buɗewa don iska, ita ma sunanta ke nan, kuma ta nan ruwa yake kwararowa a bayansa. Sai da kuku ya ture shi ya je ya rufe ta. Idan ya zo nan a labarin, Baba yakan tashi ya kwaikwayi zaman da ya yi a kan bokitin, Inna, mahaifiyarmu, tana cewa, "Malam, zauna mana, yara suna kallonka," alhali ita ma dariyar take yi. Daga baya kukun ya gaya masa cewa ko gudun da yake yi tsakanin murhu da rumbun kwal, da gajeren taku kamar ƙaguwa, shi ma sikotul ne. Baba yakan kaɗa kai ya ce, "Mutanen nan ga jirage kamar ƙasa, amma suna ɗaya suke raba wa abubuwa, sai ka ce ana sayensa."

Akwai ma'ana guda da bai taɓa faɗa da dariya ba. Wani tsohon mai hura wutar inji, wanda ya yi aiki a jirage lokacin yaƙi, shi ya gaya masa cewa idan kaftin ya buɗe cikin jirginsa da hannunsa ya nutsar da shi da gangan, don ya tare wata hanya ko don kada abokan gaba su kama shi, shi ma sikotul ake cewa ya yi. Baba ya tambaye shi me ya haɗa taga da wannan mugun aiki. Tsohon ya ce ai duk huda ce, ta sama tana shigo da iska, ta ƙasa tana shigo da ruwa. Baba ya ce ya daɗe yana juya maganar a ransa. Bai gane yadda mutum zai ci a jirgi, ya kwana a jirgi, jirgi ya raba shi da mutuwa sau da yawa, sannan ya ɗauki guduma ya kashe shi ba.

Da ya dawo gida ya auri Inna, ya yi shekaru yana tuƙa jiragen mutane kafin ya samu nasa. Masassaƙan Yawuri ne suka yi masa shi, dogo, mai faɗin ciki, irin wanda ke ɗaukar kayan kamiyo guda, wato babbar mota, ya nemi ƙari. Ya sa aka rubuta masa Takoradi a goshi da farin fenti. A ƙasan jirgin, wajen baya, ya sa a yanke masa wata 'yar ƙofa wadda ba ta fi faifai ba, da murfin katako da ake toshewa da tsumma da kwalta, don idan an jawo jirgi gaci da rani a yi masa gyara, ruwan ciki ya tsiyaye da kansa. Masassaƙan sun ƙi da farko. Suka ce su tun kakanninsu ba su taɓa yi wa jirgi ƙofa a ciki ba. Ya ce su yi, shi zai shiga, ba su ba. Da jirgin nan aka ciyar da mu, aka tufatar da mu, aka kai ni makarantar horon malamai. Albasa, shinkafa, gishiri, busasshen kifi, babu abin da bai ɗauka ba tsakanin Gaya da tungayen da ke ƙasa da Tunuga. Baffa Hamani, ƙanensa, shi ke riƙe inji, Baba kuma yana goshi da gora, yana karanta ruwa.

Lokacin soja ne ke mulki. Wanda ya rayu a wancan zamani ya san yadda ake rage murya idan an zo maganar gwamnati, ko da a cikin ɗakinka kake. Kayan gwamnati kuwa, ko ƙusa ce ta ɓace a hannunka, ka san kaso, gidan yari, shi ne masaukinka. A daminar da nake magana, ana gina wa soja wani masauki can ƙasa kusa da iyaka, ruwa kuma ya yanke hanyar mota. Sai aka aiko wa Baba cewa jirginsa zai kai siminti. Ba roƙo aka yi ba. Aka cika Takoradi da buhuna har bakinsa ya kusa shan ruwa, aka rufe da tamfol, aka haɗa shi da wani sarjan mai bindiga don rakiya. Sarjan ɗin saurayi ne daga gabas, inda babu kogi. Tun da ya shiga ya nemi tsakiyar buhuna ya zauna, bai ko so ya kalli ruwa. Ni kuma ina cikin shekarun farko na koyarwa, muna hutu, za ni suna a tungar dangin Inna da ke kan hanyar. Baba ya ce in shigo ya sauke ni.

Mun tashi bayan sallar asuba. An yi kwana da kwanaki ana ruwa, kogi ya yi jawur, yana tafe da itatuwa da jinkar ɗakuna da matattun awaki. Ban taɓa ganinsa da faɗi haka ba. Da hantsi muka doshi tungar. Garin a kwari yake, shi da gonakin shinkafarsa, abin da ya raba su da kogi jinga ce ta ƙasa wadda mutanen garin suke ƙara wa tsayi kowace shekara. Kafin mu ga komai, ihu muka fara ji. Da muka sha kwana sai muka ga jingar ta ɓalle. Ruwa yana shiga ta giɓin da wani irin ruri da ke hana ka jin maganar na kusa da kai. Maza sun rabu gefe biyu suna jefa abin da suka samu, zana, kara, ƙyauren ɗaki, buhunan yashi, ruwa yana ɗauke su kamar an jefa ganye. Giɓin kuma ƙaruwa yake yi, ƙasa tana zaftarewa a idonmu. Can cikin gari mata suna ta fitowa da yara da ƙullin kaya, amma babu inda za su. Babu tudu kusa, fadama ce ta kewaye su, ita ma ta cika.

Baba yana tsaye a goshi. Na ga ya kalli giɓin, ya juyo ya kalli jirginsa tun daga inda yake har zuwa inji, ya sake kallon giɓin. Ban gane ba a lokacin. Baffa Hamani ne ya gane.

"Hamani, kai mu gaci, sama da wurin."

"Yaya, kada ka yi."

"Kai mu gaci."

Da jirgi ya taɓa jinga ya ce, "Uwata, sauka." Na sauka. Ya juya ga sojan ya ce, "Sarjan, sauka, jirgin nan zai nutse."

Sojan ya zabura ya ce, "Me ya same shi?"

"Babu. Ni zan nutsar da shi."

Sai sarjan ya miƙe tsaye a kan buhuna, bindigar a hannunsa. Ya ce, "Tsoho, ka san kayan wane ne a nan? Ni za a fara ɗaurewa kafin kai."

Baba ya ce, "Na sani, ɗana, kuma ba ni da abin da zan ba ka a madadin wannan. Amma dubi can." Ya nuna gari da gorarsa. Daidai lokacin wasu mata sun ɗauko mai jegon da na zo wa suna a kan gadon kara, wata tsohuwa tana biye da jaririn a kanta cikin ƙwarya, ruwa ya kai musu cinya. "In harbi ne, jira in gama. Ba zan gudu ba, ba ni da jirgin gudu."

Ban san tsawon lokacin da sojan nan ya yi yana kallo ba. Ya sauko a hankali, ya rataye bindigarsa a reshen wata bishiya, ya zauna ya cire takalmansa, ya zo ya ce wa Baffa Hamani, "Wace igiya zan riƙe?"

Aka ɗaura igiya a goshi, aka ɗaura wata a baya. Baffa Hamani ya jefa ta goshin ga mutanen da ke ɗaya gefen giɓin, sai a jifa na uku suka cafe. Baba ya ce kowa ya fita. Shi kaɗai ya rage, da gora da guduma. Ya tura jirgin cikin ruwa, ya bar kogin da kansa ya ja shi, yana daka wa masu igiya tsawa, waɗannan su saki, waɗancan su ja. Ni ma na kama igiya, ban san lokacin da na kama ba, sai daga baya na ga tafin hannuna ya saluɓe. Jirgin ya juyo a kwance, ya taho, ya daki kafaɗun giɓin biyu da wata ƙara da na ji har cikin haƙorana. Ya tsaya. Goshi ya kama wancan gefe, baya ya kama namu. Amma ruwa yana bi ta ƙarƙashinsa, yana ɗaga shi yana saukewa, katako yana kuka. Sai Baba ya ajiye gora, ya ɗauki guduma, ya sauka tsakanin buhuna wajen 'yar ƙofar nan, muka daina ganinsa.

Mun ji bugun. Sannan muka ga ya hauro kan buhuna, jiƙe sharkaf. Takoradi bai kife ba, bai karye ba. A hankali ya yi ƙasa, kamar raƙumi mai durƙusawa, da dukan nauyin da ke cikinsa, har ya zauna daram a bakin giɓin. Ruwa ya kai wa Baba gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, yana tsaye bai motsa ba, sai da Baffa Hamani ya yi masa ihu ya jefa masa igiya aka jawo shi. Abin da ba zan manta ba har in mutu shi ne shirun. Rurin nan da ya cika mana kunne tun isowarmu ya yanke, ya koma 'yar ƙara kamar ta ruwan indararo. Mutane suka tsaya cik da buhunan yashi a kafaɗa. Wani tsoho a ɗaya gefen ya yi kabbara, muryarsa ta zo mana sarai, alhali ɗazu ko ihu ba ka ji. Na taso ina ganin kogin nan abu ne da ba a yi masa musu. Ranar na ga mutum ɗaya, mai ciwon gwiwa, ya ce masa tsaya nan, kuma da ikon Allah ya tsaya.

Daga nan kowa ya faɗa aiki. Yanzu abin da aka jefa yana samun abin kamawa. Aka yi ta cusa zana da kara da yashi a gaba da bayan jirgin, sarjan yana cikinsu ba takalmi, taɓo har wuya. Kafin azahar sai ɗan ruwa kawai ke tsattsafowa. Gidajen da suka fi kwari sun sha ruwa, wasu katangu sun faɗi, amma rumbuna sun tsaya, shinkafa ta tsira, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Mutane suka taho za su yi wa Baba godiya, sai suka tarar da shi zaune a kan jinga ya ba su baya, yana kallon ɗan abin da ya rage a sama na goshin jirgin, inda rabin farin rubutun yake leƙowa. Kuka yake yi, ba ya ko ɓoyewa. Suka ja da baya. Na je na zauna kusa da shi. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Uwata, ashe haka kaftin ɗin nan yake ji."

Bai jira an zo nemansa ba. Washegari shi da sarjan suka shiga kwalekwale suka koma Gaya, suka kai kansu. Aka wuce da Baba Doso, aka sa shi kaso. Laifin da aka ɗora masa shi ne lalata kayan gwamnati, kuma da yake abin a bakin iyaka ya faru, har akwai masu raɗe-raɗin cewa wani ne ya sa shi. A wancan zamani irin wannan raɗe-raɗi yana iya cinye mutum gaba ɗaya. Maƙwabta suka rage shigowa gidanmu. Inna kuwa fushi ta yi, fushi na gaske. Ta ce ya tuna da 'ya'yan mutane ya manta nasa. Ban ga laifinta ba a lokacin, kuma ban gani ba har yau, don ita ce ta san abin da ke cikin tukunya. Ni nake kai masa abinci da tufafi idan an samu izini. Na same shi ya rame, amma har an gano ya iya girki, an ba shi tukunyar 'yan kaso, yana ƙorafin cewa gishirinsu ba ya isa.

Abu biyu suka fitar da shi. Na farko, sarjan ɗin nan ya faɗi abin da ya gani yadda ya gan shi, har da cewa shi ma ya riƙe igiya, alhali da ya ce an fi ƙarfinsa ne da ya tsira. Aka sauke shi daga muƙaminsa, aka tura shi can arewa. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, ko cikakken sunansa ba mu sani ba, kuma babu ranar da zan yi wa Baba addu'a ban sa shi a ciki ba. Na biyu, da kaka ta yi, dattawan tungar suka tashi suka je Doso, kowane da damin shinkafa daga gonakin nan. Taro a lokacin abu ne mai haɗari. Ba su yi ihu ba, ba su kai ƙara ba. Suka ajiye dammunan a ƙofar ofis, suka zauna a ƙasa. Da aka tambaye su, mai garin ya ce sun kawo wa hukuma simintinta ne, ga abin da ya zama. Aka tura wani hafsa ya je ya gani da idonsa. Ya tarar ruwa ya janye, buhunan sun daskare sun zama dutse a cikin jirgin, jingar ta fi ƙarfi a wurin fiye da ko'ina. Ba da daɗewa ba aka saki Baba. Ba a biya shi ba, ba a ba shi haƙuri ba, ba a kuma yaba masa ba. An dai buɗe ƙofa an ce ya tafi.

Bai sake mallakar jirgi ba. Ya kafa teburin shayi da burodi a tashar manyan motoci kusa da gadar iyaka, ya koma bakin wuta inda ya fara. Ƙanena da ke bi mini ya bar makaranta ya shiga koyon tuƙin mota, kuma har yau idan aka yi maganar karatu yakan tashi ya bar wurin. Inna ta daɗe kafin ta sake yin dariyar labarin bokiti. Waɗannan duka suna cikin kuɗin da aka biya, kuma ba Baba kaɗai ya biya ba. Na taɓa tambayarsa, yana tsufa, ko ya yi nadama. Ya ce, "Kewa nake yi, kullum. Idan na ji ƙarar inji a kogi har yanzu sai na waiga. Amma nadama daban ce, Uwata. Ita ban san ta ba."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Gaya ta yau. Kakin soja ya tafi ya dawo ba sau ɗaya ba. Akan rufe gadar iyaka, sai jirage su dawo da daraja, ka ga samari da manyan injuna suna loda mutane da babura da buhuna har ba ka ganin bakin jirgi. Na san wannan zai hana shi zama. Zai bar teburinsa ya je bakin ruwa yana yi musu faɗa, su kuma su ce tsohon nan ya cika surutu. Ambaliya kuma ta zama baƙuwar kusan kowace shekara, ana jin ta a rediyo kafin ta iso, amma idan ta iso har yanzu zana da buhun yashi ne. Sai dai ina jin abin da zai fi ba shi mamaki shi ne abin da jikana ya karanta mini. A sanin Baba, mutum ba ya yin sikotul da jirgin wani. Naka ne kake hudawa, wanda kake ci a ciki, kana tsaye a kai har ruwa ya kai maka ƙirji. Simintin da ba nasa ba da ya haɗa da shi, ya san ba nasa ba ne, shi ya sa ya kai kansa ya zauna kaso bai ce an zalunce shi ba. Da ya ji cewa yau kalmar ta koma bakin masu rushe abin jama'a su koma gida su yi barci, ina jin zai juya ne kawai, ya ci gaba da fifita wutarsa.

Bayan sallar layya da ta wuce na je tungar, karo na farko cikin shekaru masu yawa. Dattawan da suka je Doso duk sun rasu. Garin ya girma, har da rufin kwano da famfo. Katakon jirgin ya daɗe da ruɓewa, amma buhunan suna nan a jikin jinga, duwatsu masu ruwan toka, jere a kan juna, kowane da siffar buhunsa, har shatin ɗinkin bakinsa kana gani. Mata suna wanki a kansu. Na tsaya ina kallo, sai wata matashiya mai goyo ta ga baƙuwa ce ni, ta ce, "Inna, kina mamaki ko? Ai ba dutsen banza ba ne." Ta ce kakarta ta gaya mata, wata shekara kogi ya zo zai cinye garin, sai wani ya fito daga cikin ruwa da jirgi, ya umarci kogi ya tsaya, ya mai da kayan jirgin duwatsu, ya nutse ba a sake ganinsa ba. Ta rage murya ta ce wasu sun ce ba mutum ba ne.

Na ce mata, "Mutum ne. Yana da ciwon gwiwa, yana son shayi da sukari da yawa, kuma da ya gama ya zauna a can ya yi kuka. Ubana ne."

Ta kalle ni. Sannan ta ajiye wankin, ta goge hannuwanta a zane, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Ta miƙe ta juya wajen sauran matan tana kira, "Ku zo! Ku bar wankin nan ku zo!" Suka taho da kumfa a hannu, da yara a baya, suka kewaye ni, suka ce in zauna a kan dutsen in faɗa musu tun daga farko. Na zauna na faɗa musu.

Allah ya jiƙan Sumana, ya sanyaya masa makwanci, ya haɗa da sojan da ya cire takalmansa, a duk inda yake.